Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya shirya mana yawon gidajen giya da sunan tafiyar iyali

Assalamu alaikum Yallaɓai manaja,

Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba wallahi, amma na kira layinku har na gaji, na tura saƙo ta WhatsApp ana buɗewa ba a amsawa, na zo ofis da ƙafata yaranku sun ce ka fita, na koma sun ce kana mitin. Toh shi ya sa na rubuto a nan. Ba zan kama sunan kamfani ba, kun san kanku, kuma risit ɗinku yana hannuna.

A tallar da kuka saka kun rubuta cewa tafiya ce ta iyali zuwa Afirka ta Kudu, Cape Town da garuruwan duwatsu da ke bayanta, wato Stellenbosch da Franschhoek da Paarl, kuma da manyan baƙaƙe kuka rubuta HALAL a saman hoton. Wannan kalmar ce ta sa na shigo ofishinku. Na zauna da ma'aikacinku na faɗa masa ƙarara su waye za su tafi: ni da maiɗakina da yara da kuma Hajiya mahaifiyata, wadda gwiwa ke damunta, ba ta iya doguwar tafiyar ƙasa. Na ce masa muna son ganin duwatsu da gonaki, muna son abincin da za mu ci hankali kwance, kuma a tsara mana yadda sallah ba za ta kuɓuce ba, musamman Juma'a. Ya ce kar in damu komai an tanada. Na biya rabin kuɗi kafin alƙalami, na kawo fasfo da hotuna da katin rigakafin shawara saboda biza.

Sai da kuɗi ya shiga akawun ɗinku sannan aka turo mana cikakken jadawalin, da Turanci, na zauna na bi shi layi layi. Yallaɓai, tun daga ranar da za mu bar Cape Town har ranar dawowa babu yinin da ba a rubuta ɗanɗana giya ba. Da safe gidan giya, da rana cin abinci a gidan giya inda kowane kwano an haɗa shi da kalar giyar da ake sha da shi, da yamma a shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye gangunan giya ana bayanin yadda take tsima. Ranar Franschhoek kuma gaba ɗaya a cikin taragon nan ne mai zagaya gonaki, a sauka nan a kurɓa a hau a sauka gaba a kurɓa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana daidai, an rubuta za mu kasance a teburin ɗanɗana giya. Da Hajiya fa. Da yara ƙanana.

Da na samu ma'aikacinku a waya daga ƙarshe ya ce min ai ba dole sai mun sha ba, za a iya ba mu ruwan inabi mara giya mu zauna da sauran mutane. Haba. Shi ma fa musulmi ne, ya san hukuncin zama a teburin da ake zagaya kwalba, kuma ko ba hukunci, wace irin tafiya ce zan biya kuɗin jirgi daga Legas zuwa Johannesburg in sake hawa wani zuwa Cape Town don in zaunar da mahaifiyata tana kallon wasu suna shaye-shaye? Me zan ce wa yara in sun tambaye ni me ake yi a nan?

Ni ban ga laifin mutanen can ba ko kaɗan. Sana'arsu ce tun fil azal. Stellenbosch tun 1679 Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan da ke mulkin Cape a lokacin, ya kafa ta, Franschhoek kuma Faransawa ne 'yan gudun hijira na addini suka zauna a kwarin tun 1688, inabi da giya su ne tattalin arzikin yankin, ba su ɓoye wa kowa ba. Laifin naku ne, da alama tsarin da aka yi wa Turawa masu zuwa don giyar kuka kwafo sukutum, kuka manna masa halal a goshi kuka kawo Kano kuna sayarwa, ba wanda ya zauna ya karanta me ke ciki.

Sannan maganar lokaci. Hotunan tallarku duk ganye kore shar, inabi na reto a jikin rassa, rana ta haska duwatsu, har yarinyata ta ce ita za ta tsinka da hannunta. Amma ranar tafiyar da kuka sa mana a watan Yuli ce. Yuli a can tsakiyar hunturu ne, yanayinsu a juye yake da na arewacin duniya, kuma yankin Cape a lokacin sanyi yake samun ruwan samansa. Bishiyoyin inabi sun zubar da ganye, saura ƙirare a jikin waya ana datse musu rassa, ba ko ƙwaya ɗaya da za a tsinka, girbi daga wajen Janairu ne zuwa Maris ko farkon Afrilu. Gari ba ya wayewa sai kusan takwas saura, wajen shida rana ta faɗi, manyan duwatsu har ƙanƙara ke sauka a kansu. Ba wanda ya ce mana mu tanadi rigunan sanyi ko lema, kuma mai ciwon gwiwa kun san yadda sanyi da danshi ke mata. Motar igiyar da ke hawa Dutsen Tebur na Cape Town ma kun saka ta rana ɗaya tak ba madadi, alhali in iska ta yi ƙarfi rufe ta ake, kuma a irin wannan lokacin na hunturu aka saba tsayar da ita don gyaran shekara.

Abin takaicin shi ne yankin nan cike yake da abin da iyali irin namu za su gani su ji daɗi, da kun yi bincike ko na yini ɗaya. Musulmi sun fi shekara 300 a Cape. Shehu Yusuf na Makassar, malamin da Holan suka koro daga ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, a 1694 aka kawo shi, ya rasu 1699, hubbarensa na nan a Macassar kusa da inda kogin Eerste ya faɗa teku, kogin da ya ratso ta cikin Stellenbosch ɗin da kuke son kai mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. A unguwar Bo-Kaap da ke cikin Cape Town akwai masallacin Auwal na 1794, mafi daɗewa a ƙasar, wanda tarihinsa ke haɗe da Tuan Guru, malamin da ya rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare a tsibirin Robben. Hajiya da na ba ta wannan labarin sai da ta yi hawaye ta ce nan take son zuwa, kuma babu shi a jadawalinku ko a layi ɗaya. Cikin Stellenbosch kanta akwai masallaci, Paarl ma akwai, Juma'a ba za ta gagara ba. Abinci kuma akwai hukumomi irin su MJC da SANHA masu ba da shaidar halal, ana manna takardar a gidajen abinci, ga birayani da samosa da bobotie, wato gasasshen niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi, na musulmin Cape.

Duwatsun kuma ai ba sai an shiga gidan giya ake ganinsu ba. Hanyar Helshoogte da ke tsakanin Stellenbosch da Franschhoek ta gefen dutsen Simonsberg take bi, gonaki shimfiɗe a ƙasa, mutum na cikin mota yana kallo, Hajiya ba sai ta taka ba. Akwai kwarin Jonkershoek ga yara su ga ruwa na gangarowa daga dutse. Tsakanin Paarl da Franschhoek akwai gidan yarin da Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu 1990, da mutum-mutuminsa a bakin ƙofa, bas ɗinku ta wajen za ta wuce amma ba ku sa a tsaya ba. In kuma inabin ci ake so, na tebur wanda ba ruwansa da giya, sai a bi babbar hanyar N1 a ratsa ramin Huguenot da ke ƙarƙashin dutse, kusan kilomita 4, a gangara kwarin Hex River wajen De Doorns, can ne cibiyar noman inabin ci da ake fitarwa ƙasashen waje. Duk wannan ni da ba sana'ata ba ce na tono shi, na tura muku a rubuce, amsar da na samu ita ce wai tsarin ba ya canzuwa, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa.

Wannan ba zan yarda da shi ba. Ba ni na fasa ba, ku ne kuka nuna min abu kuka miƙo min wani, kuma sharaɗin rashin mayar da kuɗi ba a nuna min shi ba sai bayan na biya. Kuɗin nan tara shi na yi a hankali don in faranta wa mahaifiyata tun tana da ƙarfin hawa jirgi, ba tsintarsa na yi ba.

Abin da nake nema a wajenku, ko dai ku sake tsara tafiyar ta koma Fabrairu ko Maris ba tare da ƙarin caji ba, a cire duk wani zaman giya, a sa Bo-Kaap da Macassar da Juma'a a masallaci, a rubuta min sunan otal da gidajen abinci in duba da kaina kafin in cika kuɗi, ko kuma ku dawo min da kuɗina cif da fasfo ɗinmu da har yanzu ke ofishinku. Kuma dan Allah ku cire kalmar halal daga tallar nan tun yau, don na ga mutane a ƙarƙashinta suna tambayar farashi, wasu ma na cewa za su kai iyayensu. Na ba ku zuwa ƙarshen mako mai zuwa, in ban ji daga gare ku ba zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da risit da hoton tallar da jadawalin duka.

Wassalam,
Wani abokin cinikinku daga Kano