Amsa ga Mai Unguwa kan jirgin da yara ke tuƙawa a kwamfuta

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A taron iyayen yara ka tambaye ni gaban jama'a: wannan jirgin kwamfuta da yara ke taruwa a kansa bayan la'asar, wasa ne ko karatu, kuma me ɗan ƙauye zai yi da shi? Tambayar uba ce, kuma tunda a bainar jama'a aka yi ta, na ga ya dace amsar ma kowa ya gani.

Manhajar sunanta FlightGear. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta da taswirar yankinmu ba ta neman intanet. Akwai ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1982, amma sabuwarta tana son babbar kwamfuta da data mai yawa, sun fi ƙarfinmu. Jirgin da muke hawa ƙarami ne mai kujera huɗu, Cessna 172, irin wanda ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da dama.

Bari in nuna maka tafiya guda, ka yi hukunci da kanka. Yaro zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya sauka a Dutse. Kafin ya taɓa komai sai ya shimfiɗa taswira, ya ja layi da fensir, ya auna. Nisan kusan kilomita 90 ne a miƙe, alƙiblar kuma wajen digiri 108, wato gabas ta ɗan karkata kudu. Jirgin na cin kamar kilomita 200 a awa. To minti nawa ke nan? Ya raba, ya samu 27. Rabawar da nake fama da su a kanta a allo suna hamma, a nan da gudu suke yin ta, har da gardama.

Sai in saka musu iskar hunturu, daga arewa maso gabas, mai gudun kilomita 30 a awa. Nan ne aikin yake. Yaron da ya kafe hancin jirgi a kan 108 zai ga kamfas ɗinsa daidai, bai kauce ko kaɗan ba, alhali iska na ta tura shi dama a hankali. Lokacin da agogo ya ce ya iso, yana can kudu maso yamma da Dutse da wajen kilomita 13, yana leƙe ta taga bai ga filin ba. Maganin shi ne abin da masu fito suka sani tun kaka da kakanni: mai kwalekwale ba ya nufar mashigar da zai sauka, sai ya nufi sama da ita, ruwa ya kawo shi. Yaron zai karkata hancin zuwa 100, ya ƙara minti biyu a lissafinsa, don iskar tana ɗan tare shi ta gaba.

A hanya kuma ba ya zama haka nan. Ya riga ya rubuta a takarda minti nawa zai tsallaka kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim, da lokacin da Gaya za ta bayyana ta hannun dama. In kogi ya zo da wuri ko ya makara, lissafi ya sauya, sai ya gyara yana tuƙi. Ka ga yatsansa a kan taswira, idonsa na kai da komo tsakanin agogo da kamfas da ma'aunin tsayi, leɓensa na motsi.

GPS, na'urar da ke zana wa matuƙi hanyarsa a allo, na nan a cikin jirgin, kuma ina hana su kunna shi sai sun iya wannan. Suna ƙorafi, ni kuwa ban sassauta ba. Wanda ya saba bin layi a allo, ranar da allon ya mutu bai san gabas ba. Su ma matuƙa na gaske ana koya musu taswira da agogo da kamfas, duk da na'urorin da ke gabansu.

Ba zan ce maka wannan zai mai da yaro matuƙin jirgi ba. Kwamfuta ba ta girgiza, ba ta sa tsoro, wanda ya faɗi kuma sake tashi yake yi. Lasisi sai a makaranta irin kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Abin da na tsaya a kai shi ne yaranmu suna koyon kusurwa da ma'auni da karanta taswira da hannunsu, a kan ƙasar da suka sani.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Cikin masu saurin lissafin iska akwai 'yan mata, amma an fara hana su zuwa saboda yamma. In ka sa baki iyaye suka yarda, zan mayar da nasu zaman safiyar Asabar, a cikin aji, ƙofa a buɗe, duk uwar da ta so ta zo ta zauna.

Ɗanka,
Malamin lissafi