Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanata Barau Jibrin Kan Jiha Ta Shida Da Iyakokin Ƙasar Ibo

Mai girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, kuma shugaban kwamitinta na gyaran kundin tsarin mulkin 1999,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan wani al'amari da ke kan teburinka, wanda mu mutanen Arewa ba mu cika ɗaukarsa namu ba, wato ƙara wa shiyyar Kudu maso Gabas jiha guda, da kuma tambayar da ke kwance a ƙarƙashinsa: a ina ƙasar Ibo ta fara, a ina ta tsaya, kuma wa ke da ikon yanke hukunci? Na ji daɗi da aka ce a watan Oktoban 2025, a zaman da kwamitinku ya yi tare da na Majalisar Wakilai a Legas, an amince a ba shiyyar ƙarin jiha. Roƙona gare ka shi ne ka tsaya tsayin daka a kan wannan matsaya, sannan kada ka bari a zana taswirar sabuwar jihar a Abuja ba tare da an tambayi mutanen da za su kwana a cikinta ba.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne, ranka ya daɗe. Kudu maso Gabas na da jihohi biyar, Abiya da Anambra da Ebonyi da Enugu da Imo, alhali shiyyoyi huɗu na da shida-shida, tamu ta Arewa maso Yamma kuma na da bakwai. A zauren da kake zaune suna da sanatoci 15, mu muna da 21. Ƙananan hukumominsu gaba ɗaya 95 ne, ga shi Kano da Jigawa da Katsina kaɗai suna da 105. Na san amsar da ake bayarwa a majalisun hira, cewa faɗin ƙasarsu duka bai kai rabin jihar Neja ba, kuma yawan jama'armu ya fi nasu. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kore ƙorafin ba, domin kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ake raba wa jihohi daidai-wa-daida ake raba shi ba tare da duba yawan jama'a ba, kowace jiha kuma tana da sanata uku da aƙalla minista ɗaya. Wanda aka rage wa jiha an rage masa duk waɗannan, wata bayan wata, tun 1996 da aka ƙirƙiri Ebonyi. Taron ƙasa na 2014 wanda Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ya jagoranta ya ba da shawarar a cike wannan giɓi, aka ajiye rahoton ƙura ta hau shi.

Wannan ɓangare shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne inda za a yanko jihar. A farkon 2025 Majalisar Wakilai ta sanar da buƙatun sababbin jihohi 31, kuma daga cikin shiyyar akwai masu neman Adada da Aba da Etiti da Orlu da Orashi. A gefe guda kuma ga ƙudirin Sanata Ned Nwoko na jihar Anioma, wadda za a cire daga ƙananan hukumomi tara na Delta ta Arewa, a yammacin kogin Neja, a lissafa ta a matsayin jiha ta shida ta Kudu maso Gabas. A nan ne nake so ka yi taka-tsantsan, domin wannan ƙudiri ya taɓa gyambon da ya fi shekara hamsin bai warke ba.

Mutanen wannan yanki na Anioma, wato na Asaba da Ogwashi-Uku da Agbor da Kwale, suna magana da harsunan da masana ke lissafawa cikin dangin Ibo, sunayensu kuma irin na Ibo ne. Amma ba su taɓa zama cikin Jihar Gabas ba. Suna ƙarƙashin Jihar Yamma har 1963, aka cire su tare da mutanen Benin da Urhobo da Itsekiri aka kafa Jihar Tsakiyar Yamma, kuma Firimiyanta, Dennis Osadebay, ɗan Asaba ne. Ba su cikin ƙasar da Ojukwu ya ayyana a matsayin Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967. Duk da haka, da dakarun Biyafara suka tsallako kogi a watan Agustan shekarar, aka kore su, sai sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba a watan Oktoba, saboda ana musu kallon Ibo. Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda sunansa ba ya daɗin ji a kunnen ɗan Arewa saboda kisan Sardauna, asalinsa ɗan Okpanam ne kusa da Asaba, ko da yake a Kaduna aka haife shi. Mutanen da suka ga irin wannan rana, ba abin mamaki ba ne a ce a yau wani daga cikinsu zai bugi ƙirji ya ce shi Ibo ne, maƙwabcinsa ɗan Ika ko ɗan Ukwuani kuma ya ce yana son jihar Anioma amma a bar shi a Kudu maso Kudu, wasu ma su danganta asalinsu da Benin. Dukansu suna da hujja daga tarihin gidansu, kuma ba hurumin ɗan Kano ba ne ya ƙaryata ko ɗaya.

Haka abin yake a jihar Ribas, har ma ya fi zafi. Bayan yaƙi, gidajen da Ibo suka gudu suka bari a Fatakwal an kira su dukiyar da aka yasar, da yawa ba su koma hannun masu su ba, kuma unguwannin Ikwerre, 'yan asalin yankin Fatakwal, da aka sani da sunaye masu farawa da Umu suka koma Rumu. A 1976 kwamitin daidaita iyakoki na Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ya mayar da yankin Obigbo cikin Ribas, inda a yau ake rubuta shi Oyigbo. Mutanen Ndoki na warwatse tsakanin Abiya da Ribas da Akwa Ibom, mutanen Egbema kuma wasu a Imo wasu a Ribas. A watan Janairun 2025 babbar ƙungiyar Ibo, Ohanaeze Ndigbo, ta zaɓi Sanata John Azuta-Mbata, ɗan Ikwerre, ya shugabance ta, nan take wasu ƙungiyoyin Ikwerre suka fito suka ce ba da yawunsu ba. Idan 'yan gida ɗaya ba su gama daidaitawa kan sunan da za su amsa ba, ai kwamitin majalisa ba zai daidaita musu da alƙalami ba.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Mutum nawa ne a Jos da Zuru da Kafanchan da Tafawa Ɓalewa Hausa ce harshen kasuwarsu, wasu ma ita suke yi da 'ya'yansu a gida, amma idan ka kira su Hausawa za su gyara maka zance? Harshe shaida ne na dangantaka, amma ba ya zama takardar mallakar ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko sunan Inyamurai da bakinmu ya saba da shi ba su suka raɗa wa kansu ba, shi ya sa na guje masa a wannan wasiƙa.

Wannan ƙa'ida ita ce kuma amsar da ta fi ƙarfi ga taswirar 'yan aware. Taswirar Biyafara da magoya bayan IPOB, ƙungiyar Nnamdi Kanu mai fafutukar ɓallewa, ke yaɗawa a intanet ta haɗiye jihohin Kudu maso Kudu, har ta ɗebi wani yanki na Binuwai da Kogi, ba tare da an tambayi Ijaw ko Ibibio ko Efik ko Ogoni ko Idoma ba. Alhali tun kafin 'yancin kai ƙananan ƙabilun Gabas ke neman jiharsu ta Kalaba da Ogoja da Ribas, har Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don sauraron fargabarsu. Isaac Adaka Boro, ɗan Ijaw, ya ayyana jamhuriyar Neja Delta a watan Fabrairun 1966, fiye da shekara guda kafin Biyafara. Da Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 ranar 27 ga Mayun 1967, ya ba su Ribas da Kudu maso Gabas ta wancan lokaci, da yawansu sun karɓa hannu bibbiyu. Ban manta ba cewa akwai waɗanda suka yi wa Biyafara yaƙi da zuciya ɗaya, domin Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, da ya miƙa wuya a watan Janairun 1970 ɗan Ibibio ne. To, idan muna ce wa 'yan aware ba su da ikon zana iyaka a kan mutanen da ba su ba su izini ba, da wane baki majalisa za ta yi irin wannan aiki ga mutanen Anioma? Abin da ya haramta ga mai rediyon Biyafara a Landan bai halatta ga mai kujera a Abuja ba.

Maganin yana cikin kundin da aka ba ka amanar gyarawa. Sashe na 8 ya ce kafin a ƙirƙiri jiha sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi sun sa hannu, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama wadda kashi biyu bisa uku na mutanen yankin za su amince, sannan mafi yawan jihohin ƙasar su yarda, kafin majalisun tarayya biyu su tabbatar da kashi biyu bisa uku. Hanya ce mai tsawo, shi ya sa tun 1963 babu gwamnatin farar hula da ta ƙirƙiri jiha, duk sauran sojoji ne suka yanka su da doka. Ina jin tsoron kada tsawon hanyar ya sa a nemi ratse. Mun taɓa yin ƙuri'ar raba gardama a ƙasar nan kuma ta yi albarka: ita ta kafa Tsakiyar Yamma, kuma da ita mutanen Mubi da Gwoza da Ganye suka zaɓi Najeriya a 1961, aka kira yankin Lardin Sardauna. Ba mu taɓa jin sun ce an shigo da su da ƙarfi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, cewa shiyyoyi shidan nan da muke ta rantsuwa da su babu sunayensu a kundin tsarin mulki. Marigayi Alex Ekwueme ne ya kawo tsarin a taron tsarin mulki na zamanin Abacha, aka ci gaba da aiki da shi bisa al'ada. Saboda haka ƙirƙirar jihar Anioma tambaya ɗaya ce, sanya ta a Kudu maso Gabas kuma tambaya ce ta daban, bai kamata a cusa su cikin ƙuri'a ɗaya ba. A ganina, giɓin Kudu maso Gabas a cike shi daga cikin jihohi biyar ɗin, su zauna su tsayar da ɗaya daga cikin buƙatunsu, batun Anioma kuma a saurare shi da kansa bisa cancantarsa.

Wasu daga cikin mutanenmu za su ce maka ba su jiha lada ne ga masu tayar da ƙayar baya. Ina fahimtar wannan fushi. An kashe ɗan siyasar Adamawa Ahmed Gulak a Owerri a watan Mayun 2021, an kashe wata mata mai juna biyu 'yar Arewa da 'ya'yanta huɗu a Anambra a 2022, kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin da IPOB ta fara a watan Agustan 2021 ta fi cutar da Ibo kansu, 'yan kasuwar Anaca da Aba da ɗaliban da aka hana zuwa jarrabawa. Kotu ta yanke wa Nnamdi Kanu ɗaurin rai da rai a watan Nuwamban 2025, Simon Ekpa, wani jagoran 'yan aware, kuma kotun Finland ta ɗaure shi shekara shida. Waɗannan al'amuran shari'a ne, kuma ƙorafin jiha biyar ya girme su duka. Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda a Kano aka haifi 'ya'yansa, bai ɗauki bindiga ba, kuma shi ne ake tauye wa wakilci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ma da muke jin haushin kalmar ɓallewa, iyayenmu sun yi kiran "a raba" a 1966, a shekarar da aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, kuma a watan Yunin 2017 wasu matasanmu sun taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, kafin daga baya su janye. Ƙasar da Zik da Ojukwu aka haife su a Zungeru, Malam Umaru Altine Bafulatani kuma ya riƙe kujerar magajin garin Enugu a shekarun 1950, ba ta da layin da za a yanka wuƙa ba ta taɓa jini ba.

Abin da nake roƙo, yallaɓai, shi ne kwamitinka ya kai zaman sauraron jama'a har Agbor da Kwale da Asaba, maimakon a tsaya a babban birnin shiyya inda sai mai mota da mai lauya ke isa, a saurari sarakuna da matasa da mata 'yan kasuwa kowa da bakinsa. Ka kuma matsa a samar da cikakkiyar dokar da za ta fayyace yadda hukumar zaɓe za ta gudanar da ƙuri'ar raba gardamar da sashe na 8 ya ambata, wa zai jefa ta, da wace rajista, kuma me za a yi da ƙaramar hukumar da ta ce a'a alhali maƙwabtanta sun ce e. Aiki mafi nauyi kuma yana gida: jihohin Arewa 19 ne cikin 36, don haka babu jihar da za a ƙirƙira a Gabas sai majalisun dokokinmu sun ɗaga hannu. Kai ne ɗan Arewa mafi girman muƙami a Majalisar Dattawa, kuma idan lokacin ya zo, a Kano da Dutse da Katsina da Sakkwato za a buƙaci muryarka.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wani malamin makaranta mai ritaya,
Kano.