Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Batun Sauya Tsohuwar Gadar Jirgin Ƙasa

Ya ku iyayenmu da abokan aiki, tsofaffin ma'aikatan reluwe mazauna Jos, assalamu alaikum.

Babban abin da ya ci lokacin kwamitinku a bana shi ne tsohuwar gadar nan mai ƙafafun ƙarfe da kuka ɗora mana alhakin dubawa a taron bara. Kun san cewa layin da ya taso daga Kafanchan ya iso Jos ne a 1927 saboda jigilar kuza, kuma reshen da ya tashi daga Kuru bai kai Maiduguri ba sai a 1964, don haka gadojin wancan zamani an auna su ne da nauyin taragun wancan zamani, ba da na siminti da taki da ake son lodawa yanzu ba.

Mun ziyarci gadar da rani, muka sake komawa bayan damina ta ja jiki. Tsatsa ta ci mahaɗan ƙarfe, musamman inda ruwa ke kwanciya, wasu ƙusoshi sun saki, amma abin da ya fi tayar mana da hankali yana ƙasa, domin ruwa ya yi ta zaizaye gindin ƙafafun har tushensu ya fara fitowa fili. Wani dattijo cikinmu, wanda ya yi shekara da shekaru yana gyaran kwangiri, ya tunatar da mu cewa nauyin da ke kan kowace ƙafar tarago shi ke gajiyar da ƙarfe sannu a hankali, fiye da tsawon jirgin, kuma fenti ba ya maganin wannan gajiya.

Saboda haka muka rubuta wa hukumomin da abin ya shafa cewa faci ya ƙare, a gina sababbin ginshiƙai na kankare a gefen tsofaffin, a haɗa gangar jikin sabuwar gadar a ƙasa, sannan a ɗora ta da rani cikin 'yan kwanaki, yadda ba za a daɗe da rufe layi ba. Har yanzu muna jiran amsa a rubuce.

Mun kuma zauna da masu unguwannin da ke kusa a kan masu ɗibar yashi a gindin gadar, sun yi alkawarin tsawatarwa. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗin mota da na takardu bayan sallar Azahar, kuma ana roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su gan shi kafin a tashi.