Gyara kayanka: asalin kalmar “accord”

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi gyara a kan wani abu da na ji a shirinku na koyar da Turanci na makon jiya. Shekara talatin da 'yan kai na yi riƙe da alli a sakandare. Yanzu da na yi ritaya rediyo ce abokiyar hirata, kunnen tsohon malami kuwa ba ya barin kuskure ya wuce shi ko da ya so.

Wani mai sauraro ne ya aiko da tambaya a kan kalmar “accord”. Ya ce yana ganinta a bayan mota, yana kuma jinta a labarai idan an yi sulhu. Malamin shirin ya taho da amsa tiryan-tiryan, har zuwa inda ya ce wai kalmar daga “cord” ta fito, wato igiya, saboda yarjejeniya ɗaure mutane take yi kamar yadda igiya ke ɗaure kaya. Bayanin ya yi daɗi a kunne. Jikata da ke zaune kusa da ni ma har ta rubuta shi a littafinta, sai da na sa ta soke. Ba haka asalin yake ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin, kuma guntaye biyu ne. Akwai “ad”, ma'ana zuwa ga. Akwai “cor”, ma'ana zuciya, wadda kan koma “cordis” a wasu wurare a cikin jimla, daga nan ne harafin d ya shigo. Da aka haɗa su sai aka samu aikatau mai nufin a kusantar da zuciya ga zuciya. Tsohon Faransanci ya gaje ta a matsayin “acorder”. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Turanci. Kafin ƙarni na 12 ya ƙare wannan ta riga ta samu wurin zama, kuma aikinta na farko shi ne sasantawa: mutum biyu suna gaba, a shiga tsakani har su shirya.

Danginta na nan birjik, duk 'ya'yan zuciya ne. “Concord” zukata ne a tare, “discord” zukata ne a rabe. Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ya sha fama da ta farkon, don ita ce sunan ƙa'idar nahawu da ke tilasta wa aikatau ya dace da mai aikatawa, na kuwa ƙarar da jan biro ba adadi a kanta. “Courage” ma daga nan take, mu ma ai cewa muke yi wane yana da zuciya. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce “record”, da muka ara muka ce rikoda. Asalinta a maido da abu cikin zuciya, wato a tuna. Tun ba a ƙera na'urar ba kalmar take nan, tana nufin abin da almajiri ke yi idan ya tashi tilawa da asuba.

To ina kiɗa ya shigo? A nan ne zan ɗan sassauta wa malaminku, domin bai ɓata a dajin da babu hanya ba. Turawan zamanin da sun ɗauki sautuka biyu da suka dace da juna tamkar zukata biyu da suka shirya, sai suka riƙa amfani da wannan aikatau ɗin ga kayan kiɗa da muryoyin mawaƙa. A bakin mutane gaɓar farko ta faɗi, “accord” ta koma “cord”, ana nufin sautuka da ake bugawa lokaci guda su ba da amo ɗaya. Ana nan kuma ga wata kalmar dabam mai kama da ita, daga Girkanci ta bi ta Latin, “chorda”, wadda ke nufin hanji, daga baya ta koma sunan tsirkiyar da ake yi da hanjin dabba. Ita ce ta haifi “cord” ta igiya. Da yake tsirkiya ce ke fitar da sauti, sai masu rubutu suka zaci duk uwa ɗaya ce, suka cusa wa ta kiɗan harafin h, ta zama “chord” da muke gani a yau. Wato ruɗanin da malaminku ya faɗa ciki, Turawan da kansu sun riga shi faɗawa da ɗaruruwan shekaru. Maƙwabtaka ce ta yi tsawo har aka ɗauka zumunci ne.

Ina yaro akwai wani mai garaya da kan sauka a zauren kakana duk kaka. Ba ya fara kiɗa sai ya ɓata lokaci yana gyaran tsirkiya. Ya karkata kai, ya taɓa ta farko, ya taɓa ta biyu, ya yamutsa fuska, ya tura zoben fatar da ke riƙe da ita a jikin sanda, ya sake taɓawa. Mu yara mun ƙosa, shi ko a jikinsa. Sai ya ji biyun sun hau kan juna sannan ya ɗago kai ya yi gyaran murya. Wannan aikin nasa shi ne “accord” a tsohuwar ma'anarta ta kiɗa. Turancin yau ya bar wannan ma'ana ta tsufa, “tune” ake cewa. Faransanci ne ya riƙe ta gam: har gobe “accorder” ake ce wa saita jita ko fiyano. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa kullum kalmar na bakinsu. Idan kun gama ciniki mutum ya ce maka “dakor”, wato “d'accord”, ita ce dai wannan, ma'ana na yarda.

Akwai ma abin kiɗa da ya ci sunanta, akodiyon, mai kama da zugazugin maƙeri. Cyrill Demian ne ya yi masa rajista a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1829, an kuma sa masa sunan ne don maɓalli guda kan fitar da sautuka masu jituwa a tare. Ita kuma motar da mai tambaya ke gani, kamfanin Honda ya fara fito da ita a 1976.

Abin da ya fi kamata shirinku ya tsaya a kai shi ne yadda ake amfani da aikatau ɗin yanzu, don nan ɗalibai ke tuntuɓe. Idan “with” ta biyo bayanta, dacewa ake nufi, kamar a ce maganar shaida ta yi daidai da abin da aka gani. Idan kuwa mutum ne ya biyo baya, ma'anar ta koma bayarwa, amma ba ta kuɗi ko goro ba, ta girma da alfarma. Jaridunmu na Turanci ba sa gajiya da ita: an “accord” wa gwamna kyakkyawar tarba, an “accord” wa mamaci jana'izar da ta dace da shi. Na taɓa jin wani mai fassara ya ce wai an yi yarjejeniya da gwamna a kan tarba, alhali tarbarsa kawai aka yi. Sai “according to”, wato in ji wane. Ana jingina ta ga wani ne, shi ya sa ɗalibin da ya rubuta “according to me” yake shan jan biro, ya mai da kansa hujjar kansa. “Of his own accord” kuma shi ne don raɗin kansa, zuciyarsa ce ta ba shi.

A labarai masu fassararku kan ce yarjejeniya, kuma daidai ne. Amma ni kowane lokaci na ji, Aburi nake tunawa. A ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 Gowon da Ojukwu da sauran manyan sojoji suka zauna a garin Aburi na Gana, bisa gayyatar Janar Ankrah, shugaban ƙasar na lokacin. An tashi da sunan an daidaita, har tarihi ya kira abin “Aburi Accord”. Da kowa ya koma gida sai ya zamana fassarar Legas dabam, ta Inugu dabam. Ranar 30 ga Mayu aka shelanta Biyafara, a watan Yuli aka fara harbi. Takarda dai an samu, amma tsirkiyoyin nan biyu ba su taɓa hawa kan juna ba. Da a lokacin ni ke fassara, da zan yi ta-ka-tsantsan kafin in ce jituwa.

Na ambaci jituwa ne da gangan, don a ganina ita ta fi kusa da kalmar. Yarjejeniya daga yarda take, abu ne na shaidu da sa hannu. Jituwa kuwa, ni a kunnena, akwai ji a cikinta, ji na kunne da ji na rai, kamar yadda ta Turancin ta haɗa kiɗa da zuciya. Abin lura ma, inda Bature ya nufi zuciya, Bahaushe wasu gaɓoɓin yake kamawa. Mukan ce bakinsu ya zo ɗaya, ko jininsu ya haɗu, ko kansu a haɗe yake. Da malaminku zai ware shiri guda ya jera waɗannan kusa da na Turanci, na tabbata masu sauraro za su fi riƙe darasin fiye da haddar ma'anoni daga ƙamus.

Ina roƙo a miƙa masa wannan takarda tare da gaisuwata, yaro ne mai ƙoƙari kuma lafazinsa yana fita. In da hali ya yi gyaran a shiri na gaba, saboda ba jikata kaɗai ce ta rubuta igiya a littafinta ba.

Naku,
Tsohon malamin Turanci, daga Zariya