Ɗana, ga amsar maganar da ka kawo min

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya aiki, ya fama da goslo? Mu nan Agege lafiya lau sai godiya, ƙafar Baba ma da sauƙi, ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na ce bari in rubuto maka don a waya ba na iya kai magana ƙarshe, kai kana sauri ni kuma hawaye na kusa. Ka ce tun bara zuciyarka ta hana ka sakat a kan aikin bishara, kana so ka miƙa kanka ga EMS, ƙungiyar masu bishara ta ikilisiyarmu ECWA, su tura ka duk ƙauyen da suka ga dama, amma wai bari ka ƙara shekara biyar tukun a ofis, ka tara abin da zai riƙe ka, ka sayi fili, sannan ka tafi hankali kwance. Na kai maganar gaban Ubangiji da addu'a da azumi, ga abin da ke raina.

Wannan kwanciyar hankalin da kake jira, ban ga wanda aka ba shi ita kafin ya tashi ba. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75, Ibraniyawa 11 ta ce ya fita bai san inda za shi ba. Matiyu kuwa kamar kai ne sak, yana zaune a wurin karɓar haraji kuɗi na shigowa, Yesu ya ce ya bi shi, ya miƙe. Ka buɗe Luka 9 daga aya 57 zuwa ƙarshe, mutum uku ne a can, biyu sun ce bari tukun, kuma uzurinsu ba na banza ba ne fa, na gida ne na iyaye, duk da haka Yesu bai karɓa ba.

Kar ka ɗauka ina raina aikinka. Na san tashin ƙarfe huɗu na asuba, da kokawar danfo a Oshodi, da zaman gadar Third Mainland kafin ka samu wannan kujerar, kuma alat ɗinka na ƙarshen wata shi ke biyan kuɗin makarantar auta da maganin Baba, mun ci mun gode. Amma Legas na san ta tun kafin a haife ka, ba ta taɓa ce wa mutum ya isa haka ba. Mai gida zai ƙara haya, aure zai zo, yara su zo, biyar ɗin nan ta zama goma, wata rana ka farka da furfura kana ba yara labarin kiran da ka taɓa ji. Jin daɗi kamar doguwar igiya ce a wuyan akuya, tana kiwonta tana ganin a sake take, sai ranar da ta nufi nesa.

Abin da ke damuna kuma shi ne irin wa'azin da ya cika garin nan, fosta a kowace gada, wai in Allah na tare da kai dole mota dole gida a Lekki. To Bulus fa da ya ce ya san zaman rashi ya san na yalwa? Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu na da ikon cetonsu daga wutar, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkin ba. Irin wannan bangaskiyar nake roƙa maka, wadda ba ta gindaya wa Allah sharaɗi.

Ka tuna abin da ake karanta mana a makon mishan. A nan Legas ɗin samari uku suka sauka a Disamba 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wata ƙungiya mai kuɗi a bayansu, burinsu su kai bishara ƙasarmu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki, ya sake dawowa ciwo ya sake kora shi, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga nan SIM, ƙungiyar mishan da suka fara, ta tsaya da ƙafarta, aka samu EMS a 1948, aka samu ECWA a 1954, ikilisiyar da aka yi maka baftisma a cikinta. Ni dai wadda ta fi tsaya min a rai ita ce uwar Gowans, don ita ta zuga Bingham tun farko, da labarin mutuwar ɗanta ya iske ta kuma ba ta ce a fasa ba, addu'a ta ci gaba da yi. Ina tunanin matar nan sosai kwanakin nan, ina roƙon Allah ya ba ni ko rabin zuciyarta, don kar ka zata abin da sauƙi ne a wurina. Ina jin labarin hanyoyin Arewa, satar mutane, ƙauyukan da aka tashe su, in na kwanta barci ba ya zuwa. Amma na miƙa ka a gaban bagade kana jariri, ba zan koma in ce a ba ni kayana ba.

Sai dai ba na so ka tafi da zafin kai. Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya zauna ya yi lissafi tukun. Ka je wurin Rabaran da dattawa ka faɗa musu komai, su gwada kiran nan, in sun ce ka shiga makarantar Littafi Mai Tsarki tukun ka shiga, in sun ce ka jira shekara ɗaya ka jira, wannan jiran biyayya ne daban yake da na tsoro. Yarinyar da za ka aura kuma kar ka ɓoye mata komai, ka gaya mata ruwan rijiya ne, ba nepa, sabis sai an hau tudu, asibiti da nisa, abin hannu kuma ya dogara da baikon 'yan'uwa, ta amsa da bakinta ba don kunyar ka ba. Ka biya duk bashin da ake bin ka, ka ba ofis notis yadda ya kamata ka fita da sunanka mai kyau. Kafin nan ma ka fara a inda kake, ga samarinmu a Mile 12 masu dako da sauke tumatir da suka baro gida suka daina zuwa sujada, ba mai neman su, Asabar ɗinka ɗaya ta isa ka fara.

Mu kuma kar ka sa mu cikin uzurinka. Fanshon Baba na shigowa, shagona na tafiya, yayarka ta ce za ta ɗauki kuɗin makarantar auta, zumuntar mata kuma ba su taɓa barin ɗayanmu ta kwana da yunwa ba. Na yi magana da Baba, ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce in gaya maka ya sa albarka.

Ran Lahadi bayan sujada ka zo gida, ka taho da yarinyar da za ka aura, zan yi tuwon masara da miyar kuka mu zauna mu huɗu mu yi addu'a, sannan a sa ranar da za ka ga Rabaran.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Mamanka