Wasiƙa zuwa ga Baba daga Guangzhou

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi. Na samu saƙonku cewa Auta ya karɓo bizarsa, amma hankalin Inna bai kwanta ba saboda nisan hanya. Shi ya sa na zauna in rubuto yadda tafiyar take, a karanta mata.

Tsakanin Kano da nan Guangzhou ta ƙasar Sin kimanin kilomita 11,000 ne, kuma babu jirgin da ke yinta kai tsaye, dole a yada zango. Yawancinmu ta Addis Ababa muke bi da jirgin Habasha. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa can awa huɗu da wani abu ne. Sai zaman jira a filin Bole har tsakar dare, sannan a kama doguwar, wajen awa 10 a sama babu sauka. Idan aka haɗa da jira, kusan yini da kwana ne. Dawowa ta fi ɗan tsawo, don a lokacin jirgin yana fuskantar iska ne, ba ta bayansa take turo shi ba.

Abin da ya fi nisan wahalar da mutum shi ne agogo. Nan muna gaban Kano da awa 7. Da yake gabas aka nufa, daren sai ya gajarce: an kwashe tiren abinci kenan, ka ɗan runtsa, sai ka ga haske yana kutsowa ta gefen labulen taga. Ku ja masa kunne a kan Asuba, lokacinta yana wucewa da sauri a sama. Ya yi alwala tun a Bole, ya tambayi Malam hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ya taso, kada ya bari sai yana kan kujera. Ya riƙa tashi yana miƙe ƙafa, ya sha ruwa sosai, don na sha ganin dattijai sun sauko da ƙafa a kumbure, takalmi ya ƙi shiga.

Shawarata ita ce kada a yankar masa tikitin Afrilu ko Oktoba. Lokacin baje kolin Canton ne, wato babban baje kolin kaya na nan Guangzhou, kujera tana tsada, masauki ma haka. Kuma kada a cika masa jaka da kilishi, a nan ba sa barin a shigo da nama. Kuka da kuɓewa busasshiya dai ina so, in da hali.

Zan tare shi da kaina a filin jirgin Baiyun, mu wuce unguwar Xiaobei inda nake zaune. Hausawa suna nan da yawa, na Kano da na Nijar, ba zai yi kewar mai magana da shi ba. Ranar Juma'a kuma zan kai shi masallacin Huaisheng, wanda yake cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin.

Inna ta daina kira bayan la'asar tana jin shiru hankalinta ya tashi. Ƙarfe huɗun yammarku sha ɗayan dare ne a nan. Da hantsi ya fi.

A gaida Kawu da su Gwaggo. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku