Ummi, ga amsar tambayarki a kan pH

Assalamu alaikum Ummi. Ya karatu, ya sanyin Bauchi? Mu nan Gombe kowa lafiya. Na ga saƙonki, wai malaminku ya ce asid mai ƙarfi zai iya fin ruwan khal yawan pH kuma abin ya ɗaure miki kai. Toh gaskiyarsa, kuma a daidai nan na ga ɗalibai da yawa suna zubar da maki lokacin da nake duba takardun WAEC, shi yasa na ce gara in rubuto miki a tsanake, waya ba za ta yi ba.

Shi pH ba ƙarfin asid yake aunawa ba. Abinda yake faɗa miki kawai shi ne yawan ayon ɗin haidurojin, wato ƙwayoyinsa masu caji, da ke yawo a cikin ruwan da ke gabanki a wannan lokacin. Wani ɗan Denmak, Sørensen, shi ya fito da ma'aunin a 1909 yana aiki a lab ɗin Carlsberg, yawanci daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana kan 7, ƙasa da haka asid, sama da haka alkali irin su kanwa da sodar da ake sabulu da ita. Amma fa ki lura, duk taki ɗaya ninki 10 ne. Ruwan da ke pH 1 ya ninka na pH 3 sau 100 a yawan haidurojin, ba sau 3 ba, kar ki kuskura ki rubuta haka a jarrabawa.

Ƙarfi kuma wani zance ne daban, halin asid ɗin ne in ya shiga ruwa. HCl, wato haidurokulorik asid, da ya taɓa ruwa sai ya saki haidurojin ɗinsa kusan gaba ɗaya, shi ne mai ƙarfi. Asetik asid, wanda ke cikin khal, ba ya saki sai ɗan kaɗan, sauran ya riƙe abinsa. Ki ɗauka mutum biyu ne kuɗin aljihunsu ɗaya, wannan mai kyauta ya zazzage duka a kan tebur, wancan marowaci ya ciro ɗan canji ya ajiye, shi pH na kan tebur ɗin kaɗai yake ƙirgawa, ba ruwansa da aljihu. Ki haɗa kowanne a mol 0.1 cikin lita ɗaya (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), HCl zai ba ki pH 1, asetik kuma wajen 2.9, don abinda ya rabu a cikinsa bai fi kashi 1 da ɗoriya cikin 100 ba. Amma ranar taitireshan, wato ɗiga alkali a kan asid don auna yawansa, ki zuba musu NaOH, wato soda, ki gani, adadi ɗaya za su sha kafin tsaminsu ya mutu, saboda duk ayon ɗin da sodar ta cinye sai asetik ya sake sakin wani, haka haka har ya ƙare. Wallahi wannan wurin ya fi ko'ina daɗi a darasin, kuma nan ne masu hadda suke faɗuwa.

Yanzu maganar malaminku. Ɗauki wannan HCl ɗin ki yi ta sirka shi da ruwa har ya koma mol 0.0001, pH ɗinsa ya zama 4. Khal ɗin kicin kuwa yana wajen 2.5. Kin ga mai rauni ya fi shi tsami kenan, amma HCl bai daina zama mai ƙarfi ba, ruwa ne ya yi masa yawa. Don haka duk sanda aka ba ki pH aka ce wanne ne mai ƙarfi, ki fara neman mol nawa ne a lita, in adadinsu ɗaya toh mai ƙaramin pH shi ne mai ƙarfi, in ba ɗaya ba pH kaɗai ba zai raba gardama ba, sai Ka, wato lambar da ke nuna yadda asid yake sakin haidurojin ɗinsa.

Tsamiya, lemun tsami, nonon da ya kwana, duk masu rauni ne, tartarik, sitirik, laktik. Kuma kin sha ganin Mamanki tana jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don tsamin ya ragu. In kin zo hutu ki ɗiga ruwan kanwa a ruwan zoɓo ki ga yadda jan zai juye ya yi duhu-duhu, ki matsa lemun tsami ya dawo, ki nuna wa ƙannenki.

Abinda ya fi damuna dai shi ne lab. Kar ki ji an ce mai rauni ki ɗauka ba ya cutarwa. HF, wato haidurofulorik asid, mai rauni ne a littafi amma yana cin gilashi, yana ratsa fata ya je ya kama sinadarin kalsiyam na jiki, wani lokacin ma zafin ba ya zuwa nan take. Asetik ɗin ma in zallansa ne yana ƙona hannu. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan asid, musamman salfurik irin na batirin mota, zafin da yake fitarwa sai ya fantsamo miki a fuska. Ki sa tabarau da safar hannu ko da ƙawayenki za su yi dariya, ki cusa bakin hijabinki cikin farar rigar, kuma kar ki taɓa zuƙar fifet, wato siririn bututun awon ruwa, da baki ko wa ya ce ki yi. In wani abu ya zubo miki, famfo za ki nufa, ki bar ruwa ya yi ta zuba aƙalla minti 15 ana kiran mai kula da lab.

Ki lissafa min pH na HCl mol 0.001, ki turo ta WhatsApp kafin Juma'a in gani. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Babanki